Kamiyon Yaya Djibo Bai Iso Gatrun Ba

Talata, 8 ga Oktoba, bayan La'asar

Na sauka Sabha da hantsi. Mai tasi ya kawo ni unguwarmu Hajara, na sa ya tsaya a bakin layi don na kasa gane ƙofarmu, an sake wa gidan fenti tun zuwana na ƙarshe. Sai da na hango Batul, 'yar Yaya Djibo, zaune a dokin ƙofa. Ita ba ta gane ni ba.

Inna tana tsakar gida tana tsince dabino a faranti. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Auta, ka rame." Na durƙusa na gaishe ta, ta ɗora hannu a kaina, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Murja, matar Yaya, ta kawo mini abinci da wayarta a hannun hagu. Ko da take zuba miya ba ta ajiye wayar ba.

Ga abin da aka sani. Yaya ya taso daga Dirku da kamiyonsa cikin ayarin motoci zai dawo gida. Kafin su kai iyaka injin ya yi zafi, ya ce wa sauran direbobi su wuce, zai gyara ya cim musu. Shi da Kabirou ne, abokin tuƙinsa. Ayari ya iso Gatrun. Su ba su iso ba. An fi mako yanzu.

Da Hausa nake rubuta wannan. Italiyanci ya cinye mini hannu, ina ta gogewa ina sakewa. Amma abin da ke cikin gidan nan ba ya shiga wani harshe.

Laraba, 9 ga Oktoba, kafin Magariba

Malam Salissou ya zo ya ɗauke ni zuwa tashar manyan motoci. Abokin marigayi Baba ne, ya yi tuƙin sahara har idonsa ya fara rauni, kuma shi ke bin maganar Yaya. Ya kira Gatrun, ya kira Dirku, ya aika wa masu haƙar zinariya da ke ratsa wancan yankin. Kowa amsarsa ɗaya: za a duba.

Direbobi suka kewaye ni. "Ƙanen Djibo ne, mai tseren Turai." Wani ya ce hotona yana manne a gaban kamiyon Yaya, ina cikin motar nan mai kama da fara, tayoyi a waje, kaina kaɗai ya leƙo. Wani ya ce Yaya yakan tara su a kan waya ranar Lahadi in akwai rezo, waya tana kamawa, ya hana kowa tari sai an gama tsere.

Suka tambaye ni, "Yaya fomula?"

Na ce lafiya lau.

Babu fomula, tseren motocin nan masu kama da fara. Wata biyu ke nan da aka ba wani yaro kujerata, mahaifinsa yana da kamfanonin da za a rubuta sunansu a jikin mota. Shekaruna talatin da ɗaya, a wannan sana'a na tsufa. Na sa hannu a kan gwaji da wata ƙungiya a Amurka, masu tseren motoci masu rufi, irin waɗanda jikinsu yake kama da motar gida. Ban gaya wa kowa a nan ba. Yaya ma ban gaya masa ba. Na yi ta cewa sai mun haɗu.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan masallaci

Liman ya sa su cikin addu'a. Ya ambaci sunan Yaya da na Kabirou, ya ce matafiya. Na gode masa da wannan kalmar.

Inna ba ta faɗin sunan ɗan fari, tun muna yara haka take. "Wancan" take ce masa. Yau ta zuba tuwo kwano uku, ta rufe ɗaya ta ce wa Murja, "Ajiye wa wancan, kada ya huce." Murja ta ɗauka ta kai ɗaki. Na lura kullum haka ake yi. Da safe Batul ke cin ɗumamen.

Asabar, 12 ga Oktoba, da safe

Babu labari.

Litinin, 14 ga Oktoba, da azahar

Manajata ta kira daga Italiya. Ta tambayi Yaya, kuma na ji da gaske take tambaya. Sannan ta ce mutanen Amurka suna son in zo farkon wata mai zuwa, a auna mini kujera, in gwada motar kwana biyu. Na ce ina sane. Ta ce, "Attahirou, akwai mutum uku a bayanka suna jiran ka yi tuntuɓe." Na ce wannan ma ina sane.

Sau ɗaya na taɓa shiga irin motar, a watan jiya. Ba ta da ƙofa, ta taga ake zurawa. Da na zauna sai na ji kamar an rufe ni a rumbu. Ba na ganin tayoyina. Shekara goma sha uku ina tuƙi ina kallon tayar gaba tana shafar bakin kwana, ina ɗora ta daidai inda nake so, iska tana jan hular kwanona. Wannan kuwa nauyinta ya ninka waccan, in ka taka birki sai ta yi shawara kafin ta tsaya. Filin ma zagaye ne kamar ƙwai, hagu kawai ake juyawa, motoci suna gogar juna da gangan. Wani mutum zai tsaya can saman rumfar 'yan kallo yana gaya mini a kunne wa ke gefena, don ni ba zan iya gani ba.

Na fito na ce musu ta yi kyau.

Ina kewar waccan motar kamar mutum. Ina jin kunyar rubuta haka a gidan da ake jiran mutum na gaske.

Laraba, 16 ga Oktoba, da yamma

Rakiatou, matar Kabirou, tana zuwa kullum daga unguwar Tayuri da goyonta. Ita da Murja suna zama a tabarma ɗaya, wayoyi biyu a tsakaninsu. Ba su cika magana ba. In wayar ɗaya ta yi ƙara duka biyun sukan zabura. Yau kamfanin waya ne da tallarsa.

An ɗauke wuta tun safe. Na kai wayoyinsu shagon Ihsan mai janareta, na tsaya a kansu har suka cika, don Murja ta ce kada in bar su a hannun kowa.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan La'asar

Na kasa zama. Na ɗauki ƙaramar motar Yaya ta gida, na yi layin mai rabin safiya, na kama hanyar Samnu.

A can komai ya fara. Baba yana tuƙa wa wani kamfanin Italiyawa masu haƙa rijiyoyin ban ruwa. Injiniyansu yana da ɗa sa'ana, ya kawo masa ƙaramar motar wasan tsere, suna zagaya dandamalin siminti a bayan sito. Wata rana aka ba ni in ɗana. Ban sauka ba sai da mai ya ƙare. Injiniyan ya riƙe agogonsa yana kallona yana kallon Baba. Bayan shekara huɗu na bi su Italiya. Yaya a lokacin ya bar lakwal, makarantar boko, ya shiga kamiyo, don Baba ya fara ciwo. Babu wanda ya tambaye shi ko yana so. Shi ya ɗauki jakata a ka har tasha.

Dandamalin yana nan, ya farfashe, an shanya dabino a kai. Wani manomi ya ba ni shayi da gyaɗa a ciki, bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba.

A dawowa hanya ta miƙe babu kowa, na taka motar. Ta yi iyakar ƙoƙarinta, sitiyari yana rawa a hannuna, wata tasbaha da Yaya ya rataya a madubi tana bugun gilas. Na sassauta. Motarsa ce, zai buƙace ta.

A bawwaba, shingen bincike, wani soja ya karɓi takarduna ya ce me nake yi. Na ce direba ne. Ya ce na wa? Na ce ina tsakanin aiki biyu. Ya miƙo mini takardun ya ce Allah ya buɗa.

Asabar, 19 ga Oktoba, da hantsi

An turo wa Malam Salissou hoton wani kamiyo da aka gani kudu da Tumo, a ƙone. Bai shigo gida da shi ba, ya kira ni waje. Idonsa ba ya gani sosai, ya ce in buɗe hoton in ƙirga masa ƙarafan da ke bayan kan motar. Na ƙirga. Ya ce in sake. Na sake. Ya sauke numfashi ya ce, "Ba namu ba ne."

Muka tsaya a inuwar bango. Can ya ce, "Amma na wasu ne."

Ban gaya wa matan ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da yamma

Yau ake tseren ƙarshe na kakar bana. Na ce ba zan kalla ba. Na kalla, a waya, a soro. Yaron da ke cikin motata ya zo na tara. Yana saurin taka birki a kwanar ƙarshe, yana wahalar da tayar hagu. An sake mata launi.

Murja ta same ni a haka. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ba ka ciki."

Na ce ba na ciki. Na gaya mata duka, kujerar, Amurka, motar da ake shiga ta taga. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ai yayanka ya sani. Tun kafin ya tafi ya gani a waya, Ihsan ya fassara masa."

Na kife wayar a cinyata.

Ta ce, "Ranar ya shigo yana ta murna. Ya ce alhamdu lillahi, Auta ya samu ƙarfe a saman kansa. Ka san duk tseren da kake yi ba motar yake kallo ba? Kanka yake kallo, yadda ya fito waje babu komai a kai."

Na ce to me ya hana ya kira ni?

"Ya ce kunya kake ji, a bar ka ka faɗa da bakinka."

Ta koma ciki. Na zauna a soron har aka kira Magariba.

Talata, 22 ga Oktoba, da safe

Babu labari. Inna ta daina tsince dabino, tana zama kawai da farantin a cinya.

Laraba, 23 ga Oktoba, da azahar

Akwai saƙon muryarsa a wayata, na watan Agusta. Yana tambayata wane irin takalmi ake samu a can mai ɗumi, don sanyin hanya yana shiga masa ƙafa. Yana magana injin yana ruri, Kabirou yana dariya a gefe yana cewa a gaishe ni. Na ce zan aiko. Na sayi takalmin, yana cikin jakata.

Na saurara sau da yawa yau. Zan daina.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da yamma

Ban daina ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, bayan La'asar

Waya ta yi ƙara, ta Murja. Lambar da ba ta sani ba, mutumin yana Larabci da sauri, ta miƙo mini. Ma'aikacin asibitin Gatrun ne. Ya ce masu haƙar zinariya sun kawo wani mutum jiya, sun same shi yana tafiya a ƙasa nesa da hanya. Yau ya iya magana, ya ba da wannan lamba, ya ce sunansa Djibo.

Na maimaita da Hausa. Murja ta zame ta zauna a ƙasa. Inna ta ɗaga hannu biyu sama, bakinta yana motsi.

Rakiatou tana kan tabarma da jaririnta. Ta ce, "Auta, tambaye shi su nawa ne."

Na tambaya. Na ji amsar. Duk tsakar gidan suna kallon bakina.

Na ce, "Ya ce mutum ɗaya aka kawo wannan asibitin. Akwai wasu asibitocin."

Ta ce, "Haka ne, akwai." Ta gyara goyonta, ta yi wa Murja barka, ta yi wa Inna barka, ta ce bari ta koma kada yamma ta yi mata. Inna ta ce a raka ta. Ta ce ta san hanya.

Gobe da asuba ni da Malam Salissou za mu tafi.

Litinin, 28 ga Oktoba, Gatrun, da hantsi

Jiya da muka iso asibitin na wuce gadon Yaya ban gane shi ba. Shi ya ce, "Auta."

Leɓɓansa sun tsattsage, fuskarsa ta yi baƙi ta saɓule. An naɗe masa ƙafafu duka biyu. A wuyan hannayensa akwai shaida zagaye kamar ta igiya, ta fara warkewa. Na gani, Malam Salissou ma ya kai hannu ya shafa, babu wanda ya tambaya. Lokotoro ya ce ƙishi ne da rana, ƙodarsa za ta murmure in an kula. Ya ce sauran kuma Yaya ne zai gaya mana in ya ga dama.

Na riƙe hannunsa. Ya ce, "Ka bar aikinka ka zo."

Na ce aiki ya ƙare na bana.

Malam Salissou ya sunkuya ya ce a hankali, "Kabirou fa?"

Yaya ya juya fuska wajen bango. Muka jira. Bai juyo ba.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan Magariba

Mun iso gida. Na shimfiɗa masa a kujerar baya, na yi tuƙin da ban taɓa yi ba, ina kauce wa kowane rami. Gorar ruwa tana rungume a ƙirjinsa duk tsawon hanya. Ba sha yake yi ba, riƙewa kawai. Inda hanya ta ratsa cikin rairayi ya ce in rataya rawaninsa a taga. Bai ɗaga kai ba sai da muka fara ganin itatuwan dabino.

Inna tana jira a bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba. Na tallafo shi muka shiga. Ta bi mu a baya tana taɓa bayan rigarsa. Da aka kwantar da shi ta tsaya a kansa ta ce, "Djibo." A gabanmu duka. Murja ta rufe baki da mayafi.

Ya ci loma uku na tuwo ya yi barci.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da yamma

Da safe ya ce in kai shi Tayuri. Murja ta ce ƙafafunsa ba su kai ba. Ya ce ba da ƙafa zai je ba. Ya nemi farar riga.

Lungun gidan Kabirou ba ya ɗaukar mota, na tsaya a bakinsa. Na ce in tallafe shi, ya ce a'a, ya ɗauki sandar da Malam Salissou ya ara masa. Ya ɗauki lokaci kafin ya kai ƙofar langa-langar. A hannunsa akwai agogon Kabirou, ban san yana tare da shi ba sai lokacin. Ya yi sallama, aka ɗaga labule, ya shiga.

Na zauna a mota. Yara suna buga ƙwallo a bayana. Ban ji kuka ba, ban ji komai ba. Can wata tsohuwa ta fito daga gidan ta shiga na maƙwabta. Jim kaɗan maza biyu suka fito da tabarmi suka fara shimfiɗawa a jikin bango. Na fita na kama musu.

Mun zauna a nan har La'asar. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya saci kallon Yaya. Wani ya ce, "A ina aka yi?" Yaya ya ce, "A hanya." Wani ya ce, "An samu an rufe shi?" Ya ce, "Na rufe shi." Ya duba tafin hannunsa. Daga nan babu wanda ya ƙara tambaya.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan masallaci

Shurɗa, 'yan sanda, sun zo su biyu, sun yi rubuce-rubuce. Yaya ya ce musu mota ta lalace, wasu mutane sun zo, bai san su ba, bai ga fuskarsu ba. Kamiyon? Bai sani ba. Suka sha shayi suka tafi.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da azahar

Manaja ta samu an ɗaga mini gwajin zuwa mako mai zuwa. Ta ce ba za a sake ɗagawa ba. Na rubuta mata cewa ba zan zo ba, a ba wani. Ban tura ba. Saƙon yana nan.

Wa zai riƙe gidan nan? Zan iya samun tuƙi a nan, kamfanonin mai suna neman direbobi. In tashi da safe in ga Inna. In kai Batul lakwal. Ta fara ce mini Baffa, jiya ta yi barci a cinyata. Shekara goma sha takwas ina cin abinci ni kaɗai a ɗakunan otal, ina tunanin tuwon gidan nan. Yanzu ina gidan, hannayena kuma suna neman sitiyari ko a cikin barci. Duk inda na zauna ina kewar ɗayan wurin.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da yamma

Na ba Yaya takalmin. Ya jujjuya shi ya ce, "Mai kyau ne." Ya ajiye a gefen gorar ruwansa.

Muna zaune a tsakar gida, sai ya ce, "To, ba ni labarin motar."

Na ce wace?

"Sabuwar. Kada ka raina mini hankali."

Na gaya masa. Nauyinta, ƙarar injinta da ke shiga har haƙori, yadda zafi ke taruwa a ciki, yadda mota arba'in ke tafiya a manne kamar garken awaki a lungu. Na gaya masa mutumin da zai riƙa yi mini magana a kunne. Wannan ya fi jan hankalinsa.

"Yana ganinka ko da yaushe?"

Na ce aikinsa ke nan, ba ya ɗauke ido.

"In ka tsaya, ya san inda ka tsaya?"

Na ce kowa ma ya sani, akwai motar asibiti a kowace kwana.

Yana murza murfin gorar. Ya ce, "Aikin kirki ne wannan."

Na ce ina tunanin in bari. In zauna.

Ya dube ni, karo na farko tun Gatrun da ya dube ni sosai. "Ka zauna ka yi me? Ka riƙa kallona? Murja tana kallona, Inna tana kallona. Na gaji da ido, Auta. Ina son ranar Lahadi in samu abin da ni zan kalla."

Na ce ba na son motar.

"Ni ma ban so kamiyo ba. Daga baya na so shi." Ya juya kai. "Yanzu ban san ko ina yake ba."

Inna tana jin mu daga bakin madafa. Bayan Isha ta kira ni ta ce in kawo kayana masu datti a wanke tun da wuri don su bushe.

Na goge saƙon.

Talata, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Na je na yi wa Rakiatou sallama. 'Yan'uwanta za su zo daga Tanut su tafi da ita in ta gama takaba. Ta ce Kabirou yakan ce wata rana zai roƙe ni in ɗana masa motar tsere ko zagaye ɗaya. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Shi da ba ya iya wuce jaki a hanya sai ya danna masa oda." Na ɗauki jaririn na riƙe.

Laraba, 6 ga Nuwamba, filin jirgin Sabha, kafin azahar

An ce jirgin Tarabulus zai yi jinkiri. Ina zaune a ƙasa da jakata da ledar dabinon da Inna ta cusa mini.

Da safe na fito na tarar da Yaya a bakin ƙofa, sabon takalmin a ƙafarsa a kan bandeji, makullin ƙaramar motar a hannunsa. Ya ce shi zai kai ni. Murja ta buɗe baki, Malam Salissou ya yi mata alama da ido. Malam Salissou ya shiga baya, ni na zauna a gefen Yaya.

Ya tayar da mota lafiya. Ya gyara madubi. Muka fita daga layinmu a hankali, ya kauce wa yaran lakwal, ya ɗaga wa Ihsan hannu. Har na fara sakin jiki. Da muka iso inda layin ya haɗu da babban titi, wani kamiyo ya wuce ɗauke da katifu, ya nufi kudu. Yaya ya tsaya ya ba shi hanya. Kamiyon ya wuce, titi ya zama babu kowa, Yaya bai tashi ba. Na bayanmu suka fara oda. Hannayensa biyu sun ƙanƙame sitiyari, gumi yana bin wuyansa.

Na fita na zagayo. Ya matsa ya koma kujerata. Na tuƙa mu har filin jirgi.

A bakin shiga na rungume Malam Salissou, ya ce zai kira ɗansa ya zo ya mayar da su gida. Yaya bai fito daga mota ba. Na sunkuya ta taga na ce, "Yaya, na tafi."

Ya riƙe hannuna da nasa biyun.

"Yaushe za ku yi hutu?"

Na ce ƙarshen Disamba, in sun ɗauke ni. In ba su ɗauke ni ba, kafin nan.

"Za su ɗauke ka." Ya dubi sitiyarin da ke gefensa, ya dawo da ido kaina. Ya rage murya don kada Malam Salissou ya ji. "In ka dawo, ka fita da ni bayan gari, inda ba kowa. Ka koya mini tuƙi daga farko."

Na ce to.

An fara kiran fasinja.